Liyarin da ke Ƙasan Gwangwanin Malam

Litinin, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Yau muka leƙa gidanmu na Gwange, ni da 'yata Rahmat, karo na farko tun safiyar da ruwa ya ci unguwar. Kwana goma sha uku ke nan. Shatin da ruwan ya bari a jikin bango ya fi ni tsayi. Rahmat ta tsaya tana kukan katifu da kujeru, na ce mata ta adana hawayenta, akwai inda za a buƙace su. Daga baya na ji haushin kaina. Bakina ya daɗe yana riga hankalina fita.

Abu ɗaya na je nema, gwangwanin biskit ɗin da mijina, Malam Sa'id, yake tara tsofaffin kuɗi a ciki. Aninai, kwabbai masu huda, taro, sisi, sulalla, irin waɗanda aka daina ciniki da su tun ina firamare. Tun yana aikin gidan waya yake tsintarsu. Na tono gwangwanin a bayan ƙofar zaure, cikin laka. Rahmat, da take kirana Ya yadda ake kiran uwa a wajenmu, ta ce, "Ya, yaya aka yi kika san nan yake?" Na ce ta buɗe min bakin buhu.

Malam yana asibiti. Ɓangarensa na dama ba ya motsi, kuma bai ce komai ba tun ranar. Likita ya faɗi sunan ciwon. Ba na son rubuta shi.

Talata, 24 ga Satumba, hantsi

Muna zaune a gidan Rahmat a Gomari. Da wuƙa na ɓalle murfin gwangwanin, wari ya buge ni har sai da na kau da kai. Na sama-sama sun yi kore, wasu baƙi, laka ta toshe hudarsu. Na ƙasa kuwa sun manne sun zama dunƙule ɗaya, tsatsar gwangwani ta ɗaure su, ga bakin wani tsumma yana leƙowa daga tsakiya. Na san tsumman. Yankin tsohuwar lafayata ne.

Likita ya ce mu riƙa kawo wa Malam abin da ya sani, murya ko wani abu da hannunsa ya saba da shi, ko Allah zai sa ya farga. Muryata dai ya ji ta har ya ƙoshi, kwana goma sha huɗu ina zuba, ko kallona bai yi ba. Zan wanke masa kuɗinsa na kai masa.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan azahar

Bari na rubuta zancen liyarin da ke cikin gwangwanin, tunda ba mai karanta littafin nan.

Tsohon kuɗi ne na azurfa, babba, mu gursu muke ce masa. Kan wata mace mai mayafi a gaba, tsuntsu mai kai biyu a baya. Mahaifiyata ce ta rataya min shi a wuya ranar da za a kai ni gidan Malam. Shekara goma sha tara da suka wuce, wata ranar Asabar, na yi masa magana sau uku yana sunkuye a kan wani kwabo, bai ɗago ba. Ban ma tuna me nake son faɗa masa ba. Na tsinke liyarin daga wuyana na wurga masa, na ce tunda ƙarfe kaɗai yake gani, ga wannan ya ƙara. Ya ɗauka, ya hure masa ƙura, ya ce, "Gumsu, duk ranar da kike so, ki tambaya." Ya sa a gwangwani.

Ban taɓa tambaya ba. Shi ma bai taɓa miƙo min ba. Mun haifi taurin kai, mun raine shi tare, ya girma a gidanmu.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan magariba

Na wuni a bakin famfo. Toka, jiƙaƙƙiyar tsamiya da soson ƙarfe, yadda nake yi wa tukwanena. Duk waɗanda suka rabu na dirje su ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka yi fari. Kwabban sun fito jawur suna ɗaukar ido. Na shanya su a faranti, maƙwabciyar Rahmat ta leƙo ta ce kamar yau aka buga su. Tun ranar ruwa ban ji daɗi irin na yau ba.

Dunƙulen ne ya gagare ni. Na so na sa masa taɓarya, sai aka kira salla.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan la'asar

Na kai masa. Na zuba guda biyar a tafin hannunsa na hagu, mai motsin. Babban yatsansa ya bi kan na farko, ya tsaya. Ya ɗago shi kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya buɗe hannun, suka zube ƙasa suna gangarawa ƙarƙashin gadajen mutane. Ya juyar da fuskarsa bango. Hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga kunne.

Na durƙusa ina tsince su, wata mai jinya tana taya ni tana cewa kai, masu kyau.

Asabar, 28 ga Satumba, da safe

Ban je ba. Rahmat ta je.

Lahadi, 29 ga Satumba, bayan azahar

Malam Pindar ya zo daga Wulari bayan sun taso daga coci, shi da matarsa Susanna. Tsohon malamin makaranta ne, abokin Malam tun suna samari, kuma shi ne abokin wannan haukar tara kuɗin. Duk Asabar suna zaune a zaurenmu da tabarau da gwangwanaye, ni ina kai musu shayi ina yada musu magana.

Bayan wushe-wushe, gaisuwarmu ta nan, da jajen ruwa, na kawo masa farantin. Ya ɗauki kwabo ɗaya, ya juya shi, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ya Gumsu, da me kika wanke su?"

"Da abin da ake wanke komai. Toka da tsamiya."

"Da soso?"

"Na ƙarfe."

Susanna ta taɓa masa gwiwa. Sannan ya ce, "Wannan ni na ba shi. A Biu na samo shi wurin wata tsohuwa. Launin ƙasa-ƙasan da ke jikinsa, shekara saba'in ya yi yana zama a hankali. Shi muke nema, shi ne shaidar cewa kuɗin ya bi hannun mutane. Da shi Sa'id yake gane kowanne."

Na ce, "To datti fa? Haka za a bar su da laka?"

"Laka daban, kantar shekaru daban. Laka a cire. Wannan koren mai kama da gari shi ma a cire, don cin ƙarfe yake yi. Sauran a bar musu abinsu."

"Ba zai dawo ba?"

"Ba a zamaninmu ba."

Da ya yi min faɗa da na samu abin mayar masa. Bai yi ba. Na ɗauko dunƙulen na ajiye a gabansa, na ce taɓarya na so sa masa. Ya riƙe shi da hannu biyu. Ya ce a samu kwanon tangaran, a zuba ruwan sama, ban da na famfo ko na rijiya don suna da gishiri-gishiri. A nutsar da shi, kullum a canza ruwa. In wani ya fara saki da kansa, a bi gefensa da ƙayar aduwa, ita ba ta karce ƙarfe. Kada a goge, a dai danna da tsumma mai laushi a shanya a inuwa. Ashe aikin ƙayar ke nan. Shekara da shekaru ina ganin Malam da ƙaya a hannu, na ɗauka sakace yake yi.

Na ce, "Kwana nawa?"

Ya ce, "Sai yadda ya ga dama. Sati uku, wata guda."

Ban tambaye shi ko Malam yana da wata guda ba. Shi ma ya san tambayar, don ya sunkuyar da kai.

Litinin, 30 ga Satumba, bayan asuba

An yi yayyafi. Na jera kwanoni a tsakar gida ina tara. Ni da na ce ba na son sake jin ƙarar ruwa a kan kwano har na mutu.

Laraba, 2 ga Oktoba, hantsi

Na canza ruwa. Ya fito kalar kunun kanwa.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Na koma asibiti hannu biyu. Na goge masa fuska, na ba shi kunu cokali huɗu, na biyar ya dawo. Na ce masa Pindar yana gaishe shi. Na ce masa na yi wauta, amma sauran suna cikin ruwan sama, ban taɓa su da komai ba. Idonsa yana kan silin. Ban sani ba ko yana ji. Mutumin da ke gadon kusa da shi, wanda 'ya'yansa suke yawan surutu, yau babu shi, an sa sabon zanin gado.

Na canza ruwa.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da safe

Anini biyu sun saki da kansu. Na bi hudarsu da ƙaya, laka tana fita kaɗan-kaɗan, tauraron da ke jiki ya bayyana. Ba su da ƙyalli ko kaɗan, toka-toka ne. Na daɗe ina kallonsu a tafin hannu. Sun fi jajayen nan na faranti kyau, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Likita ya kira Rahmat gefe. Ta dawo tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba.

A keke Napep muna dawowa ta ce, "Ya, akwai wani maƙerin zinariya da na sani. Yana da wani ruwa, minti goma zai raba miki su duka, liyarin ya fito fes."

Na ce, "Fes ɗin nan shi ya kai ni inda nake."

Ta ce, "Ba don kyau ba, Ya. Don lokaci."

Na ce ta yi min shiru. Ta yi. Yarinyar ba ta yi laifi ba, ubanta ne a kwance.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Na je wurin maƙerin. Na naɗe dunƙulen a leda, na tsaya a bakin shagonsa. Wata mata ta kawo masa tsohon warwaro baƙi ƙirin, ya tsoma a wata kwalba, abin ya yi kumfa, ya fito fari tas. Ba a gane wacce ta taɓa sa shi. Ya ce min, "Hajiya, me za a yi?" Na ce hanya na ɓata.

Na dawo na mayar da shi kwano. In na makara, na makara. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da ruwa ya kai min ƙirji.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da safe

Sama ta ɗauke. Ruwan da na tara saura na kwana biyu.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Susanna ta zo da jarka a keke. Ta ce tun ranar da suka zo take tara min a randa, don ta san damina ta kusa tafiya. Ta zauna tana kallona ina bin wani taro da ƙaya. Ta ce, "Shekara talatin ina zagin nawa a kan wannan aikin, yau ga ki kin shiga." Muka yi dariya, sai dariyar ta juye mana. Ta riƙe hannuna na dama tana cewa Allah yana nan. Hannun da ya yi jifan ne. Ba ta sani ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, hantsi

Na canza ruwa. Sisi ɗaya da kwabo uku sun saki.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan azahar

An sa masa roba a hanci. Ya daina karɓar kunu.

Kullum ina cewa zan rubuta abin da ya faru a ƙofar gida safiyar nan, kullum biro yana tsayawa. Ruwa ya kai gwiwa, mutane suna gudu da yara a kafaɗa. Mun riga mun fito. Ya koma ciki. Da ya fito rungume da gwangwanin, ni ban ga komai ba sai shekara goma sha tara. Abin da na faɗa masa, maƙwabta sun ji. Abin da na yi, ƙofar zaure ta gani, don bayanta na jefa gwangwanin da na fizge. Ya ce, "Gumsu, ai naki," ban bari ya ƙarasa ba, na ja hannunsa muka bi mutane. Kafin mu kai tudu ya faɗi.

Maganarsa ta ƙarshe ke nan, sunana da rabin zance.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan asuba

Na canza ruwa. Tsumman ya fara motsi.

Asabar, 19 ga Oktoba, hantsi

Ya buɗe. Ina ɗaga shi daga ruwa sulalla biyu suka zame, ƙullin ya faɗo tafina. Na sa Rahmat ta kira Malam Pindar a waya. Ya zo ko hula bai sa ba.

Tsumman ya ruɓe, da ƙaya muka ɗaye shi zare-zare. Liyarin ya yi baƙi, akwai ɗan kore a gefe inda kwabo ya jingina da shi. Malam Pindar ya nuna min, ni na cire koren da kaina, kusan awa guda. Muka ɗauraye, na danna shi da tsumma. Na ce ko a ɗan sa sabulu ya yi haske. Ya ce, "Kawo shi bakin taga tukuna."

A kuncin matar akwai wani wuri da bai kai sauran baƙi ba, ya lafe ya yi santsi, daidai faɗin babban yatsa. Lokacin da yake wuyana babu wannan.

Malam Pindar ya ce, "Duk Asabar in mun gama, sai ya kwance shi ya riƙe muna hira. Na taɓa yi masa tayin musaya da sulallana uku mafi kyau. Ya ce ba nasa ba ne, ajiya aka ba shi, mai shi za ta zo."

Da na same shi ranar toka da tsamiya, da duk fuskar ta zama fari ɗaya, da ban taɓa sani ba.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Na sa masa shi a hannun hagu, na naɗe yatsunsa a kai. Da farko ba komai. Rahmat tana tsaye a ƙafar gado. Sai babban yatsan ya motsa, ya bi baki-baki, ya zagaya, ya je ya kwanta a wurin nan mai santsi. Ya fara shafawa a hankali.

Na sunkuya kusa da kunnensa. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Malam, na zo karɓar ajiyata."

Ya juyo da idonsa. Kwana talatin da tara, yau ya dube ni. Hannun ya taso daga kan zanin gado da ƙyar, kaɗan ne, ni na kai nawa ƙarƙashi. Ya sake min liyarin a tafi, ya tura yatsuna ɗaya bayan ɗaya har suka rufe, ya bar hannunsa a kan nawa. Na ce ya yafe min ta ƙofar gida, da ta wancan Asabar ɗin, da kwabbansa da na kankare. Bakinsa ya ɗan motsa ta gefen da yake motsi. Rahmat ta ce murmushi ne. Ni na san shi, dariya yake yi min.

Mun zauna haka har aka ce lokacin ziyara ya ƙare.

Talata, 22 ga Oktoba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi. An kai shi bayan azahar.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Baƙi sun ragu. Mai takaba ba ta ado, don haka liyarin yana ƙulle a bakin zanena, sai na fita zan nema masa zare. Jiya ƙanwar Malam, Ammatullahi, ta gan shi ina kwancewa. Ta ce, "Ya Gumsu, wannan azurfa ce fa, kin bar ta ta yi baƙi haka? Kawo na sa miki toka, yanzu ta yi fari." Da can da na wanke ta da magana. Na ce mata a'a kawai, na gode.

Jajayen kwabban suna faranti a kan taga. Malam Pindar ya ce in iska tana bugunsu, hannu yana taɓa su, za su fara duhu kaɗan-kaɗan, wataƙila jikokin Rahmat su gan su yadda suke a da. Kullum in na wuce ina juya su.

Saura guda shida a kwano da ba su rabu ba tukuna. Na canza ruwa.